Kori da giyar ganga: abubuwa biyu da ke hana Baturen Ingila sakewa a ƙasar waje

A watan Janairun 2018 wani ƙaramin jirgin sama ya tashi daga gaɓar kudancin Ingila, ya tsallaka teku, ya sauka a wani ɗan filin jirgi kusa da birnin Bordeaux na Faransa. Kayan da ya ɗauko kwanonin kori ne gommai, wato miyar yaji irin ta gidajen abincin Indiya, da shinkafa, da gurasar tanderu, da miyar mangwaro mai zaƙi-zaƙi, duk daga wani gidan abinci na unguwar Southsea a Portsmouth. Turawan Ingila mazauna yankin ne suka yi karo-karo, kowa ya biya sama da fam 30, aka ɗumama musu abincin suka zauna suka ci a filin jirgin. Faransa fa, ƙasar da duniya ke yi wa kallon uwar girki, kuma Bordeaux ba ta rasa gidajen abincin Indiya ba. Amma mutanen nan sun ce su abin da ake sayarwa a can bai yi musu ba.

Wanda bai san Turawan Ingila ba zai ɗauka tsabar jin daɗi ne ya yi musu yawa. Akwai wannan ɗin, ba a musu. Sai dai ƙorafin ya yaɗu ƙwarai. Cibiyar bincike ta IPPR da ke Landan ta ƙiyasta a 2006 cewa 'yan Birtaniya kusan miliyan 5.5 ne ke zaune a wajen ƙasarsu, wato kusan mutum ɗaya cikin goma. Mafi yawa suna Ostireliya, sai Sifaniya da Amurka da Kanada da Faransa. Akwai 'yan fansho da suka sayar da gida a garuruwan sanyi suka koma bakin teku a Alicante ko Malaga na Sifaniya don su sha rana, akwai injiniyoyi da malamai da ma'aikatan jinya a Dubai da Doha, akwai waɗanda aure ya kai. Ka tambayi kowanensu abin da yake kewa bayan dangi, da wuya ya lissafa uku bai ambaci kori ko giyar mashayar unguwarsu ba. Ni ba mashayi ba ne, kuma galibin masu karanta wannan ba su da haɗi da kwalba. Amma dalilin da ya sa abubuwan nan biyu suka ƙi bin masu su zuwa ƙetare yana da tarihi a ciki wanda ya shafi Musulmi fiye da yadda ake zato.

A fara da korin, domin nan ne ruɗanin yake. Abin da Baturen Ingila ke kira abincin Indiya, kaso mai yawa nasa ba a Indiya aka haife shi ba. A Birtaniya aka ƙirƙire shi, domin harshen Birtaniya, kuma galibin waɗanda suka yi aikin ba ma 'yan Indiyar yau ba ne.

Alaƙar ta daɗe. Tun 1747 wani littafin girke-girke da aka buga a Landan ya kawo yadda ake dafa kori, saboda ma'aikatan Kamfanin Gabashin Indiya suna dawowa gida da ɗanɗanon yaji a baki. A 1810 wani ɗan Patna da aka haifa a gidan Musulmi, Sake Dean Mahomed, ya buɗe gidan abincin Indiya na farko a Landan, bai daɗe ba ya karye. Sarauniya Victoria ta saba da kori a ƙarshen rayuwarta, a zamanin da hadiminta Abdul Karim ke da fada a wurinta. A 1926 aka buɗe Veeraswamy a titin Regent, wurin cin abincin manya. Duk wannan harkar masu hannu da shuni ce da tsofaffin jami'an mulkin mallaka. Talakan Ingila bai san kori ba sai da mutanen Sylhet suka kai masa har ƙofar gida.

Sylhet yanki ne a arewa maso gabashin ƙasar da yanzu ake kira Bangaladash. A zamanin mulkin Ingila samarin yankin sukan gangara Kalkata su shiga aikin jiragen ruwa, mafi yawa a ɗakin injin, suna zuba kwal cikin wuta a zafin da ba kowa ke iya jurewa ba, a kan albashin da bai kai na Bature ba. Wasu idan jirgi ya tsaya a Landan ko Cardiff ko Liverpool sai su sulale su zauna. Aikin da suka samu na wanke-wanke ne da fere dankali a bayan gidajen abinci. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da yawa cikinsu suka tara ɗan abin da suka tara suka sayi ƙananan shagunan shayi da na soyayyen kifi da dankali, waɗanda aka yi wa araha. Ba su canza abincin nan take ba. Suka ci gaba da sayar da kifi da dankali, suka ɗan ƙara kori da shinkafa a gefe. Daga nan wanda ya kafu ya aika a turo masa ƙane, ƙane ya koyi aiki ya buɗe nasa a gari na gaba, shi ma ya aika gida. Yaƙin 1971 da ya haifar da Bangaladash ya sa iyalai suka biyo mazajensu. Zuwa shekarun 1980 babu wani gari mai suna gari a Birtaniya da ba shi da gidan kori, kuma har gobe mafi yawansu na 'yan asalin Bangaladash ne, duk da allon ƙofa yana cewa Taj Mahal ko Star of India. A Birmingham kuwa 'yan Fakistan ne, da dama daga Mirpur inda ginin madatsar ruwa ta Mangla ya tashi garuruwa a shekarun 1960, su suka fito da balti, korin da ake dafawa a ɗan kaskon ƙarfe a kawo maka shi a cikin kaskon yana tafasa.

Wata dabara ce ta ɗaure kori da giya a zuciyar Bature. Kafin dokar da ta fara aiki a ƙarshen 2005, mashaya a Ingila ƙarfe 11 na dare take daina sayarwa. Mutane su fito cikin sanyi, ciki cike da ruwa, yunwa na cinsu, gari duk a rufe. Mutanen Sylhet suka ga kasuwa, suka bar ƙofarsu a buɗe har tsakar dare da bayanta. Haka daren Juma'a ya zama abu guda: a tashi daga aiki, a sha, a je a ci kori. Masu hidimar nan galibi Musulmi ne da ba sa sha. Sun yi shekaru suna jure bugaggun samari masu zagi da wariyar launi, masu gasar wa zai iya cin wanda ya fi yaji, masu gudu ba su biya ba, wani lokaci ma a cikin watan azumi. Wasu gidajen balti na Birmingham sun ƙi karɓar lasisin sayar da barasa, sai dai mai so ya zo da abarsa. Duk lokacin da na ji ɗan fansho a Sifaniya yana kukan kewar korin garinsu, waɗannan masu hidimar nake tunawa, domin su ba a cika sa su cikin labarin ba.

Sirrin ɗanɗanon yana cikin wata babbar tukunya da ke bayan kicin. Gidan da zai ciyar da mutum ɗari a dare ɗaya, kowa da irin abin da ya zaɓa cikin kala talatin ko arba'in, ba zai iya dafa kowane kwano daga farko ba yadda uwar gida ke yi a Lahore ko Dhaka. Sai suka ƙirƙiro uwar miya. Da rana ake yanka albasa buhu guda, a zuba a tukunya da ruwa da mai da tafarnuwa da citta, da ɗan tumatir da karas da tattasai, da kurkum da sauran kayan ƙamshi marasa zafi, a bar ta ta yi ta dahuwa har albasar ta narke ta yi zaƙi, sannan a markaɗe ta ta koma ruwa-ruwa, launin ɗorawa. Ita kaɗai ba ta da wani armashi. Kaza da naman rago ma an riga an tafasa su an ajiye. Idan oda ta shigo, kuku ya ɗora ɗan kaskon alminiyam a wuta mai ƙarfi, ya zuba mai, ya jefa tafarnuwa da garin yaji, ya ɗebo uwar miya ludayi ɗaya ya watsa. Wuta ta tashi, miyar ta kama gefen kasko ta ɗan ƙone, ya kankare ya mayar ciki, ya ƙara wani ludayin. Cikin minti goma kwano ya fita. In an sa garin kwakwa da kirim da sukari, ya zama korma. In an ƙara barkono da tumatir da ɗan lemon tsami, madras ke nan. A ninka barkonon a jefa dankali, vindaloo. Ɗanyen barkono da tattasai da albasa manya-manya, jalfrezi. Wanda ya fi kowa zafi, phall, a Birtaniya aka ƙirƙire shi don masu gasar nan. Tukunya ɗaya ce take haifar da su duka, shi ya sa mutumin Newcastle zai shiga gidan kori a Plymouth ya ce madras, a kawo masa abin da ya sani.

Sarkinsu kuwa shi ne chicken tikka masala, gasasshiyar kazar tanderu cikin jar miya mai kirim. Ali Ahmed Aslam, mai gidan abincin Shish Mahal a Glasgow, wanda ya rasu a Disamban 2022, ya sha faɗin cewa shi ya haɗa shi a shekarun 1970 bayan wani mai ciniki ya yi ƙorafin kazar ta bushe. Akwai masu jayayya da wannan, wasu na cewa jikan kazar man shanu ce ta Delhi. Ko ma wa ya fara, a 2001 ministan harkokin wajen Birtaniya, Robin Cook, ya tsaya a bainar jama'a ya kira shi abincin ƙasa na Birtaniya, yana mai cewa kazar ta Indiya ce, miyar kuma an ƙara ta ne saboda Bature ba ya son nama ba romo.

To ka ga inda matsalar mai ƙaura take. Shi yana tsammanin duk inda aka rubuta abincin Indiya zai tarar da abin da ya baro, alhali kowace ƙasa da irin Indiyawan da suka je mata da irin harshen da suka tarar. A Faransa mutane ba sa son yaji, don haka mai gidan abinci yakan rage barkono ya ƙara kirim har Baturen Ingila ya ce miyar jarirai aka ba shi. Ingantaccen abincin yankin a Paris yana wajen La Chapelle, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Gare du Nord, hannun Tamil na Sri Lanka da Pondicherry, amma shi ma wani abu ne daban, wainar shinkafa da miyar wake mai tsami. A Amurka, Indiyawan da suka shiga bayan dokar shige da fice ta 1965 likitoci ne da injiniyoyi daga Gujarat da Punjab da kudancin Indiya, kuma gidajen abincin Edison a New Jersey ko titin Devon a Chicago su suke dafa wa. Abinci ne mai kyau, sau da yawa ya fi na Ingila kusa da asali. Baturen ya ci ya yaba, sannan ya ce amma ba shi ba ne. Wanda aiki ya kai Indiyar kanta ya fi kowa shan mamaki. Ya je Goa ya ce vindaloo, a kawo masa naman alade mai tsamin ruwan kal da tafarnuwa, gadon Turawan Fotugal, ba dankali a ciki, zafinsa ma bai kai yadda ya saba ba.

Abin dariyar shi ne, kusan duk inda ya je ya tarar da wani kori da kakanninsa suka kai. Na Durban a Afirka ta Kudu ya samo asali daga leburorin rake da Ingila ta fara kwasowa daga Indiya zuwa Natal a 1860, kuma can ake ƙwaƙule cikin burodi a cika shi da miya. Na Trinidad da Guyana ma hanyar leburorin ce. Japan ta karɓi nata daga hannun Turawan Ingila a ƙarni na 19 ta mayar da shi mai kauri da zaƙi. A Berlin, a 1949, wata mata mai suna Herta Heuwer ta barbaɗa garin kori a miyar tumatir ta zuba kan tsiran nama, ya zama abincin titi na Jamus. Garin korin da matanmu ke sa wa jalof da soyayyar kaza shi ma ta wannan hanyar kasuwancin Ingila ya iso mana. Babu ɗaya cikinsu da ke kashe masa ƙishin uwar miyar Sylhet.

Inda ya fi samun sauƙi shi ne inda 'yan uwansa suka yi yawa har suka zama kasuwa. A Benidorm da Torrevieja da Fuengirola na Sifaniya akwai gidajen kori da takardar abincinsu da Turanci take, jerin sunayen nan ne na gida, kuma ba sa jiran ƙarfe tara ko goma na dare da 'yan Sifaniya ke cin abinci. Masu dafawa 'yan Fakistan ne da Bangaladash da Nepal da Indiya, wasu sun yi aiki a Birtaniya kafin su biyo masu cinikinsu. Waɗanda ke ƙauyukan Dordogne na Faransa ko wani lungu na Kanada kuwa sun koma ɗalibai. Suna kallon bidiyon YouTube na yadda ake haɗa uwar miya, su dafa tukunya guda su raba a robobi su sa a firiza. A rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

Batun giya daban ne. Shi ba tarihin ƙaura ba ne ya hana shi tafiya, halittar abin ce.

Giyar da akasarin duniya ke sha, irin ta kwalba da gwangwani, an tace ta, galibi an kashe ƙwayoyin da ke cikinta da zafi, an cusa mata iska, tana iya yin watanni. Wadda Baturen Ingila ke taƙama da ita, giyar ganga, ba a gama ta a masana'anta. Ana ɗura ta ne da yis ɗinta a raye, ta ci gaba da nuna a cikin gangar. Kamar kindirmo take, tana da kwanakinta, in sun wuce sai tsami. Idan mota ta sauke ganga, mai mashaya zai gangara da ita ɗakin ƙasa ya kwantar da ita a kan katako, ya bar ta kwana ɗaya ko biyu har gurɓin ya kwanta, ya buga ɗan turken itace a sama don iskar da ta yi yawa ta fita, sannan ya kafa famfo. Ɗakin dole ya tsaya tsakanin digiri 11 zuwa 13. Daga sama ake jawo ta da famfon hannu, mai dogon mariƙin nan da ake gani a kan kanta. Da zarar an fara ja, iskar waje na shiga ganga, kuma kwana uku zuwa huɗu ne iyakar ranta. Gangar da aka fi amfani da ita galan 9 ce, kofi 72 na ma'aunin Ingila. Wato sai mai mashaya ya tabbata zai sayar da kofi 72 na iri ɗaya cikin kwana uku, in ba haka ba ya zubar da kuɗinsa a kwata.

Ka ɗauki wannan lissafin ka kai shi Benidorm a watan Agusta. Zafi ya haura digiri 30, ba ɗakin ƙasa, gangar ta yi kwanaki tana jijjiga a bayan babbar mota, kuma galibin masu shigowa sanyi da araha suke nema. Ba mai hankalin da zai saka jarinsa a nan. Don haka mashayar da ta kafa tutar Birtaniya a ƙofa, take nuna wasannin Firimiya, take soya ƙwai da wake da safe, abin da take zubawa John Smith's ne ko Guinness daga tankin ƙarfe mai matsin iska. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da ƙungiyar masu kare giyar ganga, CAMRA, ta tashi yaƙa a 1971, lokacin da manyan kamfanoni suka so kawar da giyar ganga saboda wahalar kula da ita. Mabiyan ƙungiyar suna da tsauri a kan abin nan kamar 'yan ɗarika.

Sauran ƙasashe kuma suna yi wa Baturen dariya cewa giyarsa ɗumi ce kuma ba ta da kumfa. A Ostireliya ana zuba ta da sanyin da ke kashe harshe. A Sifaniya ɗan ƙaramin tambulan ake bayarwa, kusan mililita 200, don kada ta huce kafin a shanye, shi kuwa ya saba da kofin mililita 568. Ko a Amurka da ake kiran kofin da suna ɗaya, nasu 473 ne, kullum yana jin an cuce shi. Wanda ya koma Jamus ko Beljiyam ko Jamhuriyar Cek ba shi da bakin cewa ba giya mai kyau, domin waɗannan sun fi shi suna a harkar: Bavaria na da dokar tsabtar giya tun 1516, a garin Plzen na Jamhuriyar Cek aka fara irin farar giyar da ta mamaye duniya a 1842, UNESCO kuma ta sa al'adar giyar Beljiyam cikin kayan gadon duniya a 2016. Duk da haka za ka ji yana guna-guni. In ka matsa masa sai ka gane rabin abin da yake kewa ba a kofi yake ba. A mashayar Ingila ba a zama a jira mai hidima, kai za ka je kanta ka tsaya, kuma a tsayen nan ne ake hira da wanda ba a sani ba. In kun zo ku biyar, ɗaya zai saya wa kowa, sannan na biyu, har a zagayo, kuma wanda ya sulale kafin layinsa ya zo ya bar abin faɗi. Mutanen da ba su iya gaisuwa mai tsawo ba, ba su iya shiga gidan maƙwabci ba sai da alƙawari, wannan ɗakin ne dandalinsu.

Akwai wani zagaye a tarihin da ya cancanci a tsaya a kansa. A ƙarshen ƙarni na 18 masana'antar George Hodgson da ke Bow a gabashin Landan tana sayar wa jami'an jiragen Kamfanin Gabashin Indiya giya mai yawan furen hops, furen nan mai ɗaci da ke hana lalacewa. Tafiyar watanni ce ta zagayen kudancin Afirka, tun ba a haƙa mashigin Suez ba, kuma giyar takan isa lafiya. A shekarun 1820 masana'antun Burton upon Trent suka ƙwace kasuwar, ruwan garinsu ya dace da irinta. Ita ce ake kira IPA, giyar da aka san ta da shayar da Bature mai kewar gida a Kalkata da Madras. A Ingila ta yi ta raguwa har ta kusa zama suna kawai. Amurkawa ne suka tashe ta, bayan Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar halatta dafa giya a gida a 1978 kuma ƙananan masana'antu suka yi ta ɓullowa. Yau Baturen da ya koma California ko Oregon zai tarar da IPA kala-kala, sai dai ta fi tasa ƙarfi da ɗaci da sanyi. A ɗaya ɓangaren, Cobra, giyar da ake sha da kori a Birtaniya, wani matashi ɗan Hyderabad ne, Karan Bilimoria, ya kafa ta a 1989 domin a samu mai ƙarancin iska da ba za ta cika wa mai cin yaji ciki ba. Da farko daga Bangalore ake kawo ta. Daga baya aka koma yin ta a Ingila, har a Burton ɗin nan da ta yi suna wajen aika giya Indiya.

A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf lamarin juyewa yake. Kori kam har ya yi yawa, domin miliyoyin ma'aikata daga Kerala da Fakistan da Bangaladash sun cika biranen, kuma duk wanda ya yi Umara ya san gidajen abincinsu. Giyar ce ke da wuya. A Dubai sai a wuraren da ke da lasisi, galibi otal-otal, da tsada. Saudiyya ta haramta ta tun 1952, kuma wasu Turawa a rukunin gidajensu sukan dafa tasu a ɓoye. A 2014 aka kama wani dattijo ɗan Birtaniya a Jidda da giyar inabi haɗin gida a motarsa. Ya yi fiye da shekara a kurkuku, iyalinsa suka yi ta kuka a jaridu cewa za a yi masa bulala 350, sai da gwamnatinsa ta sa baki aka sake shi a Oktoban 2015. Ya shafe shekaru 25 a ƙasar, ya san dokar sarai.

Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta ƙara dagula lissafin. A da mutum zai cika bayan mota da tsiran nama da cuku da kwanonin kori daga kanti ya tsallaka. Daga Janairun 2021 an hana shiga da nama da kayan madara daga Birtaniya, har aka nuna jami'an kwastan na Holan a talabijin suna karɓe burodi mai nama daga hannun direbobi. A shekarar ce kamfanin kantunan Birtaniya na Marks & Spencer ya sanar da rufe shaguna 11 a Faransa saboda ɗanyen kaya ba ya isa a kan lokaci. Wanda ba shi da takardar zama kuma kwana 90 kawai yake da su cikin kowane 180 a akasarin ƙasashen Turai.

Masu gidajen kori a gida su ma ƙuri'ar raba-gardamar ficewar ta shafe su, ta wata fuska mai ɗaci. Sun daɗe suna kukan rashin kuku, domin dokar biza ta wancan lokacin ta sa sai an biya wanda za a ɗauko daga waje kusan fam 30,000 a shekara, kuma gidan da ke sayar da abincin tafi-da-gidanka ba a ma yarda ya ɗauko ba. A yaƙin neman ƙuri'ar 2016 'yar siyasa Priti Patel da abokan tafiyarta suka ce musu in an fita daga Turai za a buɗe ƙofa ga 'yan Asiya, ƙungiyar masu gidajen abinci 'yan Bangaladash ta mara musu baya, daga baya shugabanninta suka fito suna cewa an yaudare su. An ɗan sassauta a 2019, amma babbar matsalar ba ta biza ba ce. Mutumin da ya yi shekara talatin gaban wuta har ƙarfe ɗaya na dare ya yi ne don ɗansa ya zama likita ko lauya ko akanta, kuma ɗan ya zama. Ba mai karɓar ludayin. Mashayu ma haka: sun haura 60,000 a shekarar 2000, yanzu suna wajen 45,000. Ɗan fanshon da ya gaji da Alicante ya tattara ya koma garinsu, ba mamaki ya tarar an mayar da mashayar unguwa gidajen haya, gidan korin kuma ya zama shagon aski.